Space Ritual na Hawkwind: ainihin kiɗan sararin samaniya ne, ko hayaniya ce kawai?

Kawu Injiniya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da daddare ana hirar tsofaffin faya-fayen Turawa, sai Malama ta ce duk mai son ya san kiɗan rok na sararin samaniya, ya nemi The Dark Side of the Moon na Pink Floyd ya huta. Na yi shiru saboda dare ya yi, amma da maganar na kwana, kuma ban yarda ba. Wancan faifan ya fito a watan Maris na 1973. Wata biyu bayansa, a watan Mayu, wata ƙungiya ta Landan mai suna Hawkwind ta fitar da nata, Space Ritual. Ni a wurina wannan na biyun shi ne ainihin abin, kuma har yau ban ji wanda ya kamo ƙafarsa ba. Pink Floyd a wancan faifan zancen kuɗi suke yi, da wucewar lokaci, da taɓin hankali, da mutuwa. Duk maganar doron ƙasa ce, wata a suna kawai ya tsaya. Su kuwa Hawkwind tun daga farkon faifan suke jefa ka cikin kumbo su ja ƙofa, ba za su sauke ka ba sai bayan kusan awa ɗaya da rabi. Wanda bai yarda ba, ga fili ga mai doki.

Ɗan Jita: Wa alaikumus salam Kawu. Ka yi haƙuri, ni zan fara. Tun bara da ka turo min faifan nan na saurare shi daga farko har ƙarshe, sau biyu. Ni da jita nake ci nake sha, kuma abin da kunnena ya ji shi ne mutanen da ba su gama koyo ba. Ɗauki Born to Go. Kusan minti goma mai jitarsu Dave Brock yana kan kod (haɗin sautukan da ake kaɗawa tare) biyu zuwa uku, hannunsa bai je ko'ina ba a wuyan jitar. Mai ganga yana dukan abu ɗaya kamar injin niƙa. Nik Turner kuma saksofon ɗinsa kuka kawai yake yi, ba ya bin kowa. Ga wasu mutum biyu a gefe suna ta sakin fiii da wiii a sama. Wallahi da yaro zai kawo min wannan a situdiyo, cewa zan yi ya koma ya ƙara zama a gaban malaminsa. David Gilmour, mai jitar Pink Floyd, kuwa duk tsirkiyar da ya taɓa akwai dalilin taɓa ta.

Malama Mai Fiziks: Tunda ni aka ambata, bari in kare kaina. Kawu, ba ka yi wa Pink Floyd adalci ba da ka tsaya a 1973. A faifansu na farko, na 1967, akwai Astronomy Domine da Interstellar Overdrive. A lokacin ba a ma kafa Hawkwind ba, sai 1969. Kuma a watan Yulin 1969, sa'ad da Apollo 11 ya je wata, Pink Floyd ne suka yi kiɗa kai tsaye a talabijin na BBC cikin shirin da aka yi kan tafiyar. To wa ya riga wa? Na biyu, kuma wannan ya fi damuna: sauti ba ya tafiya sai ya sami abin da zai bi, iska ko ruwa ko ƙarfe. A can sama babu iska, saboda haka babu sauti. Abin da ya fi kama da sararin samaniya shi ne faɗi da shiru. Pink Floyd suna barin fili tsakanin sauti da sauti har ka ji nisan. Hawkwind ba su bar ko kafar allura ba.

Kawu Injiniya: Malama, maganar wanda ya riga kin yi gaskiya, kuma ban ce Hawkwind ne suka fara ba. Sun sha daga Pink Floyd na farko, sun sha daga ƙungiyoyin Jamus. Wanda ya kaɗa musu bas a faifansu na biyu, In Search of Space na 1971, wato Dave Anderson, daga Amon Düül II ta Jamus ya zo musu. Amma riga zuwa masallaci ba shi ke ba mutum limanci ba.

Maganar shiru ce inda muka rabu. Shirun a waje yake. Mutumin da ya je can ba a waje yake zaune ba, a cikin gwangwani yake, injin na ruri a ƙarƙashinsa, fanka na juyawa, rediyo na shuuu a kunnensa. Na yi shekaru ina aikin dare a ɗakin injinan wutar lantarki. Awar farko ƙarar tana damunka. A ta biyu ka daina jin ta a kunne, sai a ƙirji da tafin ƙafa. Wajen ƙarfe uku na dare kuwa sai ka fara tsintar wasu sautuka a cikinta waɗanda da ba ka san da su ba, kamar ana magana can nesa, kuma in wani abu ya ɗan saki a jikin injin, kai ne za ka fara sani tun agogon da ke bango bai nuna ba. Duk ranar da na ɗora allura a kan Space Ritual, ɗakin nan nake komawa. Maimaicin da Ɗan Jita yake kuka da shi, shi ne yake buɗe kunnen. Sai abu ɗaya ya daɗe yana tafiya kafin ƙaramin canji ya zama babban labari.

Ku duba lokacin ma. A gaban jama'a aka ɗauki faifan, dare biyu: 22 ga Disamba 1972 a Liverpool, sai 30 ga wata a Brixton cikin Landan. Kwana uku kafin daren farko, ranar 19 ga Disamba, 'yan sama jannatin Apollo 17 suka sauka a teku, kuma tun daga su ba wanda ya sake taka wata. Amurka mai kuɗi ta rufe tafiyar, ga wasu 'yan unguwar Ladbroke Grove, waɗanda jagoransu Brock a bakin titi ya fara kaɗa jita ana jefa masa sulalla, suna cewa su yanzu ne za su tashi.

Direban Dare: Ni ban san kod ba, tirela nake ja. Amma abin da ƙanena ya kira injin niƙa, shi ne abin da ya sa faifan nan bai bar wayata ba. Idan ka bar gari ka shiga dajin da babu fitila ko ɗaya, daga kai sai abin da fitilar motarka ta haska, ga injin yana gurnani a ƙarƙashin kujera, to kiɗan nan sai ya hau kan gurnanin daidai wa daida. Na gwada Pink Floyd a irin wannan hanya. Daɗi kam akwai, amma jikina mutuwa ya fara yi, dole na kashe. Kuma ni ban ga laifin abu ɗaya ba. Gangar noma take ɗaya take yi tun hantsi har rana ta take, manoma na bin ta da garma, ban taɓa jin an ce makaɗin bai iya ba. Tambayata ɗaya: wane ne mai bas ɗin? Don ni a kunnena shi ne yake jan motar, sauran a baya suke.

Ɗan Jita: Yaya Direba, misalin gangar noma bai zauna min ba. Makaɗinmu yana riƙe take ɗaya, haka ne, amma gangarsa magana take yi. Yana kiran manomi da kirarinsa, yana zuga wannan, yana yi wa wancan habaici. Mai kalangu ya matse tsirkiya a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka. Gangar Simon King, mai gangar Hawkwind, ba ta cewa komai, gudu kawai take yi.

Amma kunnenka bai yi ƙarya ba a kan bas. Lemmy ke nan, Ian Kilmister. Shi kaɗai ne a faifan nan na cire wa hula. Asalinsa ɗan jita ne, ya taɓa yi wa shahararren mai jita Jimi Hendrix ɗaukar kaya, kuma bai taɓa kaɗa bas ba sai da ya shiga Hawkwind a 1971. Shi ya sa yake kaɗa shi kamar jita, yana haɗa tsirkiya biyu a lokaci guda, yana hawa sama inda masu bas ba su cika zuwa ba. A Lord of Light da Orgone Accumulator shi ne yake yin abin da ya kamata mai jita ya yi. To ga inda zan kama Kawu: cire Lemmy daga faifan nan, me ya rage? Hujjata ita ce abin da ya faru daga baya. A 1975 aka kama shi da ƙwaya a iyakar Kanada suna tsakiyar rangadi, suka kore shi. Ya je ya kafa Motörhead, sunan ma daga waƙar ƙarshe da ya rubuta wa Hawkwind ya ɗauko shi. Yau duniya ta san Motörhead. Hawkwind kuwa sai an yi bayani.

Kawu Injiniya: Ɗana, suna a duniya ba shi muke aunawa ba. In da shi ne, ai Malama ta gama da ni tun farko, don faifan Pink Floyd ya yi fiye da mako 700 a jerin faya-fayen da aka fi saye a Amurka, Space Ritual kuwa na 9 ya kai a Birtaniya. Abin da ka manta shi ne dalilin da ya sa Lemmy ya sami damar yawo. Brock ne ya tsaya wuri ɗaya ya zama bango. Da Brock irin Gilmour ne, mai son a ji kowane yatsansa, da su biyun sun yi karo, da Lemmy ya koma ƙasa ya riƙe gindin kiɗa kamar kowane mai bas. Sun yi musayar aiki ne: jita ta zama ganga, bas ya zama jita. Tsayawa a kod biyu minti goma alhali kana iya zuwa wani wuri, ni ban ɗauke shi rashin iyawa ba. Kuma yawancin waƙoƙin Brock ne ya rubuta su, Brainstorm ta Turner ce, Master of the Universe su biyun suka haɗa.

Ɗan Jita: To ai an gwada su da gwani, Kawu. A 1980 Ginger Baker ya buga musu ganga a Levitation. Shi ne na ƙungiyar Cream, wanda ya zauna a Legas ya buɗe situdiyo a Ikeja, ya yi kiɗa da Fela. Saurari wannan faifan ka ji bambanci. Komai tsaf, ganga tana numfashi.

Kawu Injiniya: Ina da shi, kuma faifai ne mai kyau. Amma idan ina jin sa, Ginger Baker nake saurare, ina cewa kai, mutumin nan ya iya. Idan ina jin Space Ritual ba na tuna akwai wani mai suna Simon King, tafiya kawai nake yi. Gwanin da yake sa ka riƙa kallonsa ya dawo da kai ƙasa ke nan. Bai ma daɗe da su ba, shekara na zagayowa suka rabu.

Mai Gyaran Rediyo: Ku ba ni dama in yi magana a kan fiii da wiii ɗin da Ɗan Jita ya raina, don wannan ɓangaren sana'ata ce. Mutum biyun nan su ne Dik Mik da Del Dettmar. Del yana amfani da sintesaiza ta kamfanin EMS, irin wadda Pink Floyd ma suka yi aiki da ita. Shi kuwa Dik Mik abin da yake riƙe da shi ba kayan kiɗa ba ne sam. Na'urar gwaji ce, wadda take fitar da sauti ɗaya tsantsa don a auna amfilifaya ko lasifika. Ina da irinta a shago, tsohuwa, na gada daga maigidana. Akwati ne da babban maɓalli mai juyawa a gaba. Ka juya shi hagu sautin ya yi ƙasa har kunne ya daina ji, sai dai ka ga takardar lasifikar tana shiga tana fita, sukurorin da ke kan tebur suna rawa suna tafiya da kansu. Ka juya shi dama ya hau ya zama tsiwa, har yaran shago su toshe kunne ni kuma ban ji komai ba, saboda kunnen babba ba ya kai wa can. Shekara da shekaru ina murza abin nan, ban taɓa tunanin kiɗa ba ne. Mutumin nan ya ɗauke shi ya bi da shi ta na'urar amsa-kuwwa, ya hau dandamali da shi. Ranar da Kawu ya sa min faifan a shago na ji sautin, na ajiye abin da nake yi na ce ai na san wannan muryar. Wanda ya ga kiɗa a inda ba wanda ya gani, ban san sunan da za a ba shi ba in ba gwani ba.

Malama Mai Fiziks: Wannan bayani ya yi min daɗi, Malam, kuma zan roƙe ka aron na'urar nan in nuna wa ɗalibaina, don darasin sauti ke nan a aikace. Amma har yanzu ina da ƙorafi, kuma a kan abin da suke faɗa ne. Orgone Accumulator da ake yabo, sunan wani akwati ne da wani likitan tunani, Wilhelm Reich, ya ƙirƙira, wai mutum ya shiga ya zauna ya tara wani ƙarfi na rayuwa da ke yawo a sararin duniya. Babu wannan ƙarfin, ba a taɓa auna shi ba. Tsarin wasan gaba ɗaya kuma, wanda mawaƙinsu Robert Calvert da mai zanensu Barney Bubbles suka shirya, an gina shi a kan tsohon tunanin Pythagoras, masanin Girka na dā, cewa duniyoyi suna fitar da kiɗa yayin da suke juyawa. Ni mai koyar da kimiyya, ina jin nauyin a ce wannan ne wakilin sararin samaniya. Tatsuniya ce aka sa mata rigar kimiyya.

Sai dai zan faɗi gaskiya a kan wuri ɗaya. Inda kiɗa ya lafa Calvert ya karanta Black Corridor, wanda aka ciro daga littafin Michael Moorcock, yana bayyana sarari a matsayin abu marar iyaka, mai duhu, mai sanyi, wanda bai damu da kowa ba, ba ya ƙin ka ba ya son ka, to wannan ya fi duk abin da na taɓa ji a waƙa kusa da abin da nake ji idan na tsaya a gaban allo ina rubuta nisan da ke tsakanin taurari. A nan sun taɓa ni. Amma ka lura, Kawu, wurin da suka taɓa ni shi ne wurin da suka rage hayaniya.

Kawu Injiniya: Na lura, Malama. Amma da ba a yi minti ashirin ana dukan ki da ƙara ba, da lafawar ba ta yi miki wannan nauyin ba. Mai fitowa daga ɗakin injin ne yake sanin daɗin shirun asuba.

'Yar Jami'a: Ni Sonic Attack ce ta kama ni. Ita ma Moorcock ne ya rubuta. An yi ta kamar sanarwar gwamnati a lokacin yaƙi, murya a natse tana gaya wa jama'a abin da za su yi idan aka kawo hari da sauti, kuma duk shawarar ita ce kowa ya yi ta kansa, kada ya tsaya ceton kowa ko da nasa ne. Na ji ta da abin kunne ni kaɗai a ɗaki, tsigar jikina ta tashi. Waɗanda suka rubuta wannan ba mutanen da ba su san abin da suke yi ba ne. Suna zaune a ƙasar da ake shirya wa mutane yadda za su yi idan bam ɗin nukiliya ya faɗo, suka ɗauki muryar hukuma suka nuna rashin imanin da ke cikinta. Kuma Yaya Ɗan Jita, kod biyun da kake rainawa su ne 'yan kiɗan punk suka ɗauka bayan 'yan shekaru. John Lydon na ƙungiyar punk ta Sex Pistols masoyin Hawkwind ne, har ƙungiyarsa ta kaɗa Silver Machine a wasan da suka yi a Landan a 2002.

Anti Nas: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma akwai abin da kowa yake zagayewa. An ambaci kama Lemmy da ƙwaya an wuce kamar ba komai. Ba shi kaɗai ba ne, ƙungiyar nan an san ta da shaye-shaye, kuma yawancin masu zuwa kallonsu a wancan zamani da abin a jikinsu suke zuwa. Fitilun da ake haskawa, da maimaicin, da ƙarar da ke juya kai, duk an yi su ne don wanda ya riga ya sha. Ni a sashen masu fama da shaye-shaye nake aiki. Na riƙe hannun yaro ɗan shekara 19 yana karkarwa, uwarsa a bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi don kada ya ga tana kuka. Idan na ji ana cewa kiɗa yana ɗauke mutum ya bar duniya, gabana faɗuwa yake yi, don na ga inda irin wannan tafiyar take ƙarewa. Kawu, da girmanka, akwai yara a nan suna karanta yabon da kake yi.

Kawu Injiniya: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, kuma ba zan musa ko kalma ɗaya ba. Sun sha, kuma abin ya ci su. Shi ya raba su da Lemmy suna kan ganiyarsu, kuma rigingimun da suka yi ta yi ana shiga ana fita ba su rasa nasaba da shi. Mutane da yawa sun bi ta ƙungiyar nan, Brock kaɗai ne ya tsaya tun 1969. Ba na yabon rayuwarsu, kuma ba na so ɗana ya yi irinta. Abin da nake cewa shi ne faifan bai buƙatar komai. Ni ko sigari ban taɓa sa wa a bakina ba, Direba da ruwan shayi yake jin sa, Malam a shago da sukundireba a hannu ya ji shi. Abin da ke aiki a jikinmu sauti ne da maimaici, kuma wannan halal ɗin kunne ne ko ba halal ba, malamai sun yi maganarsu a kan kiɗa gaba ɗaya, kowa ya san inda ya tsaya. Amma ƙwaya ba ta cikin faifan.

Anti Nas: Na ji, amma ban gamsu duka ba. Su da suka yi shi ba da ruwan shayi suka yi shi ba. Abin da nake roƙo shi ne duk wanda zai tura wa yaro faifan nan, ya tura masa da labarin gaba ɗaya, har da korar da aka yi a Kanada. Kada a ba shi rabin da ke da daɗi.

Kawu Injiniya: Wannan na ɗauka, kuma haƙƙi ne.

Ɗan Jita: Ina da sauran magana ɗaya a kan cewa wasan gaban jama'a ne tsantsa. An taɓa shi. Su da kansu sun rubuta a jikin kwalin cewa an yanke Brainstorm da Time We Left This World Today saboda tsawo. Silver Machine ma, wadda ita ce kaɗai waƙarsu da ta yi tashe har ta kai ta 3 a Birtaniya a 1972, a wani wasa a zauren Roundhouse na Landan aka ɗauke ta da muryar Calvert, aka shiga situdiyo aka cire aka sa ta Lemmy. To ina tsantsar take?

Kawu Injiniya: Fuskar faifan garmaho minti ashirin da 'yan kai take ɗauka, dole a yanke, kuma kai da bakinka ka ce sun rubuta, ba su ɓoye ba. Amma na gode da ka kawo Silver Machine, don ita ce babbar hujjata. Kuɗin da waƙar nan ta kawo, da shi suka shirya rangadin Space Ritual: fitilun Liquid Len, masu rawa su Stacia, zanen dandamali, komai. Sa'an nan da aka zo fitar da faifan, waƙar da kowa ya sani, wadda za ta sa a saya, ba su sa ta ba. Wane ɗan kasuwa ne zai yi haka? Su ne fa mutanen da a 1970, a bikin kiɗa na tsibirin Isle of Wight, suka kafa kayansu a bayan shinge suka yi wa waɗanda ba su da kuɗin tikiti wasa kyauta. Kwalin ma nawa yana nan. Idan ka warware shi fanni shida yake buɗewa, ya rufe rabin tabarma, gefunansa sun yi laushi saboda buɗewa da naɗewa. Mutanen da ba su damu da aikinsu ba ba sa yin irin wannan kwali.

Malama Mai Fiziks: Niyyarsu ban taɓa shakka ba. Calvert ma na san yana bin kimiyya, don faifansu na 1977 sunansa Quark, Strangeness and Charm, duka ukun kalmomin fiziks ne na abubuwan da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, kuma na ukun a 1974 aka tabbatar da shi. Amma ina nan a kan bakana. In an ce in zaɓi abin da zan ji ina kallon sama a daren da babu wata, ba Hawkwind zan ɗauka ba. Kai kana son ka zama fasinja, ni ina son in tsaya in duba.

Ɗan Jita: Jama'a barkanmu da safiya. Jiya bayan an tashi na kira mai gangarmu na ce mu gwada Brainstorm yadda take, ba ƙari ba ragi, don in zo in nuna wa Kawu cewa ba wani abu ba ne. Minti huɗu muka yi wuyan hannuna na dama ya ƙage. Mai ganga kuma tun a minti na uku ya fara gudu, na ɗaga masa kai ya ja baya, sai ya ja da yawa. Sau uku muna farawa ba mu kai ƙarshe a daidai ba. Abin da na gano shi ne idan kod biyu ne kawai, babu inda za ka ɓuya, ƙaramin santsi kowa zai ji. Don haka maganar ba su iya ba na janye ta a kan Brock da King. A kan Turner ban janye ba, har yanzu kuka nake ji. Kuma wuya daban, kyau daban. Bai zama faifan da na fi so ba.

Direban Dare: Busar nan da kake ƙi, ni ita ce take zame min kamar iskar da ke shigowa ta gefen gilashi. Yau da daddare zan tashi da lodi, zan saurare ta da kyau in ji ko kukan ne.

Mai Gyaran Rediyo: Ɗan Jita, abin da ya sa kuka kasa, ku biyu ne kawai, babu abin da ya rufe ku ta sama. Ranar Asabar bayan la'asar zan kawo na'urar situdiyonka mu haɗa ta da amsa-kuwwa, ku sake gwadawa ni ina murzawa. Malama, in kin samu dama ki zo ki ɗauke ta daga can. Ka tanadi lasifikar da ba ka jin tsoron ta fashe, don idan na yi ƙasa da maɓallin ba kowace takarda take jurewa ba.